Kifin Da Ake Kamawa A Sake

Su sana'a ce tsohuwa. A ƙasar Hausa, wanda ya ɗauki koma ko taru ya nufi gulbi, abinci ya tafi nema, ko kuwa kuɗin cefane. In ya kamo tarwaɗa ko giwan ruwa, ba shi da wata shawara sai ta tukunya ko ta kasuwa. Amma akwai ƙasashen da mutane ke zuwa su don shaƙatawa kawai, kamar yadda mai doki ke fita kilisa da la'asar. Abin da ya fi ba da mamaki kuwa, a cikinsu akwai masu shan wahalar sa'a guda cur suna jan kifin da ya fi su nauyi, in sun kawo shi gaɓa kuma su cire masa ƙugiya, su mai da shi ruwa da ransa. Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka shahara da wannan ita ce Namibiya.

Namibiya tana can kudu maso yammacin Afirka, tsakanin Angola da Afirka ta Kudu. Ta sami mulkin kanta a shekarar 1990. Yammacinta duka Tekun Atlantika ne, tsawon gaɓar kuwa ya fi kilomita 1,500. Wanda ya tsaya a wannan gaɓa zai ga abu biyu da ba su cika haɗuwa wuri ɗaya ba. A bayansa hamadar Namib ce, rairayi iyakar ganinsa. A gabansa kuwa ruwa ne, shi ma iyakar ganinsa. Ruwan sama bai cika sauka a nan ba. Abin da hadari ɗaya kan zubar a Kano cikin watan Agusta yakan fi abin da garin Swakopmund, wanda ke bakin tekun, ke samu a shekara guda.

Ƙasar busasshiya ce, amma tekun cike yake da kifi. Ga dalili. Akwai wani ruwa mai sanyi da ke gudu a cikin tekun kamar makeken kogi, yana tasowa daga kudu ya bi gaɓa ya yi arewa. Sunansa Benguela. Iska takan kore ruwan da ke bisa ta yi nesa da gaɓa da shi, sai na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Wannan ruwa na ƙasa yana ɗauke da abin da ya yi kama da taki. In ya sami hasken rana sai waɗansu ƙananan tsire-tsire, waɗanda ido ba ya iya gani, su yi ta tsirowa a cikinsa. Ƙananan halittu su ci tsire-tsiren, ƙananan kifaye su ci halittun, manyan kifaye kuma su bi ƙanana. Sanyin ruwan nan ne kuma ke kawo hazo mai laima da safe, har mutum ya kasa ganin wanda ke gabansa.

Kimanin kilomita 70 arewa da Swakopmund akwai wani ɗan gari da ake kira Henties Bay. Yawancin shekara shiru yake. Amma lokutan shekara a can sun saɓa da na ƙasar Hausa: sa'ad da ake fama da hunturu a Katsina, su a can zafi suke ciki. Saboda haka in watan Disamba ya kama, aka rufe makarantu, sai garin ya cika maƙil da baƙi. Kowace mota ka gani, ga dogayen sandunan fatsa a tsaye a gabanta kamar māsu.

Kifin da ya fi kowane jan hankalin ƙwararru a cikinsu shi ne kifin shak. Shak iri-iri ne, sun fi iri 500 a tekunan duniya. Akwai wanda bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, akwai kuma wanda ya kai mita 12, shi wannan babban kuwa ba ya cin kome sai ƙananan halittun ruwa. Duk shak ba shi da ƙashi ko ɗaya a jikinsa, guringuntsi ne, irin wanda ke kunnen mutum. Fatarsa kaushi gare ta, in aka shafa ta daga wutsiya zuwa kai sai ta kankare hannu. Haƙoransa jere suke sahu-sahu, in na gaba ya faɗi na baya ya matso, haka har iyakar ransa. A gefen wuyansa akwai tsagu, yawanci biyar a kowane gefe, ta nan ruwan da ya shiga bakinsa ke fita, da haka yake numfashi. Irin wanda aka fi nema a gaɓar Namibiya bayansa launin tagulla ne, cikinsa fari. Yakan kai mita 3, waɗanda ake kamawa daga gaɓa kuwa sau da yawa sukan fi kilo 100, watau buhun hatsi babba.

A cikin masu zuwa Henties Bay akwai wani dattijo, wanda ya yi ƙuruciyarsa duka yana aiki a ma'aikatar gyaran kifi a Walvis Bay. Da ya bar aiki, ba abin da yake so kamar ya tsaya a bakin teku da sandarsa. Yana da jikoki biyu da ke zaune a Windhoek, babban birnin ƙasar, namiji mai shekara 11 da ƙanwarsa mai shekara 9. Sukan kira shi Tatekulu, watau Kaka a harshensu. Tun ran da yaron ya ga hoton kakansa durƙushe kusa da wani ƙaton shak, ba shi da magana sai ta ranar da shi ma zai kama nasa.

Da suka zo hutu na fari, yaron ya zaci gari na wayewa za a miƙa masa babbar sanda. Tsohon kuwa ko ƙarama bai ba shi ba. Ya kai su bisa wani tudun rairayi, ya ce su zauna su dubi ruwa.

Yaron ya ce, “Tatekulu, ai mun ga ruwa. Yaushe za mu fara?”

Tsohon ya ce, “Mun fara, jikana. Gaya mini, ina ne mai zurfi, ina ne marar zurfi?”

Yaron ya duba, ya rasa amsa, gama a idonsa ruwan duk ɗaya ne. Sai tsohon ya nuna musu inda raƙuman ruwa ke fashewa su yi farin kumfa, ya ce nan tudun yashi ne a ƙarƙashi. Ya nuna musu inda ruwan ya yi duhu ya kwanta, ya ce nan kwari ne, ta nan kifi ke bi yana kiwo, ta nan kuma ruwa ke komawa teku da ƙarfi, har yakan ja babban mutum ya tafi da shi. Ya sa suka kafa tsinke a bakin ruwa, bayan sa'a biyu suka dawo suka tarar ruwa ya shanye shi. Da haka suka san teku yakan cika ya janye sau biyu cikin yini da kwana, wata ne kuwa ke jansa. Daga nan ya kafa musu doka biyu: kada su juya wa teku baya, kada kuma ɗayansu ya zo bakin ruwa ba tare da babba ba.

Kwana uku suna wannan. Sa'an nan ya koya musu ɗaurin ƙugiya. Wanda ya ɗaura, sai tsohon ya sa ƙarfi ya ja, in ta kwance a sake. Ya koya musu yadda ake yanka sardin a soka shi a ƙugiya, har ya zauna daram. Ya kuma ba kowannensu jaka, duk tsohuwar igiyar fatsa da suka gani yashe a rairayi su tsince, domin takan naɗe ƙafafun tsuntsaye su mutu.

Sai a mako na biyu ya ba su ƙananan sanduna. Ya nuna musu takardar izni da ya saya, gama a ƙasar ba a yarda mutum ya yi fatsa a teku ba tare da ita ba. Ya kuma kawo wani kara da ya yanka daidai santimita 40. Akwai wani kifi mai farin jiki kamar azurfa, mai daɗin nama, ana ce masa kabalyo. Doka ta ce wanda bai kai tsawon karan nan ba, a mai da shi ruwa.

Yini biyu ba wanda ya kama kome. Yaron ya yi ta ɗaga ƙugiyarsa yana dubawa, yana sauya wuri. Yarinyar kuwa ta kafe wuri ɗaya, ta ɗora yatsa bisa igiya kamar yadda aka koya mata. Ran na uku ta ji an fizga. Ta naɗe igiya, jikinta na rawa, sai ga kabalyo yana walƙiya a kan yashi. Aka aza kara, ya rage kamar faɗin yatsa biyu ya kai.

Ta dubi kakanta, ta ce, “Tatekulu, ai kaɗan ya rage. Ba wanda ya gani.”

Ya ce, “Ni na gani, ke ma kin gani. Wannan bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba tukuna. Jiƙa hannunki, ki ɗauke shi a hankali.”

Ta jiƙa hannu, don kada busasshen hannu ya goge santsin da ke tsare fatar kifi daga cuta. Ta sa shi a ruwa tana hawaye. Kafin rana ta faɗi ta kama wani wanda ya zarce karan, shi aka gasa da dare.

Haka aka yi hutu biyu. Da rarrafe yaro kan tashi. Sai a hutu na uku, yaron yana da shekara 13, tsohon ya fito da kayan shak. Sandar ta kai mita 4. A gindinta akwai wani ɗan keke mai naɗe igiya, igiyar kuwa ɗaruruwan mita ce. Kusa da ƙugiya waya ce ta ƙarfe, gama haƙoran shak sukan datse igiya kamar almakashi. Akwai dalma mai nauyi don ta riƙe abincin ƙugiya a ƙasa. Ita ƙugiyar lanƙwasasshiya ce kamar zobe, an yi ta haka don ta kama gefen baki, kada kifi ya haɗiye ta. Tsohon ya sa awartaki ya danne ɗan haƙorin da ke bakinta, don ta yi saurin fita. Ya raba aiki tun kafin a jefa: yaron zai taimaka da sanda, yarinyar ta riƙe abin awo da agogo. Kusa da kan kifi kuwa ba mai zuwa sai shi da wani abokinsa babba.

Ya soka kan kifi mai jini a ƙugiya, ya shiga ruwa har gwiwa, ya wurga iyakar ƙarfinsa. Suka zauna jira. Shak yana da ƙarfin jin wari ƙwarai, a hancinsa kuma akwai waɗansu ƙananan ramuka da yake jin motsin halitta da su ko cikin duhu. Can wajen azahar sai sandar ta sunkuya, ɗan keken ya kama ƙara, igiya na fita kamar an ɗaura ta a wuyan ingarma.

Tsohon ya ɗaura wa yaron ɗamara mai gurbin gindin sanda, ya tsaya a bayansa ya riƙe shi. Ya ce, “In ya ja, bar shi ya tafi. In ya tsaya, ɗaga sanda, ka sauke kana naɗewa. Kada ka yi gardama da shi, ya fi ka ƙarfi.” Kifin ya yi arewa, suka bi shi a gaɓa. Ya juyo kudu, suka biyo shi. Bayan minti 15 hannuwan yaron suka mutu, tsohon ya karɓa. Da ya huta ya sake karɓa. Sai da aka yi kusan minti 50, sa'an nan suka ga fiffiken bayansa ya keto kumfa.

Manyan biyu suka shiga, suka tsai da shi inda ruwa ke iya idon sawu, raƙuman ruwa na wanke shi. Yarinyar ta miƙa abin awo: mita 2 da rabi. Tsohon ya duba ƙarƙashinsa ya ce mace ce.

Yaron ya ce, “Tatekulu, mu ja ta tudu! Ina son haƙoran. In ban kai su makaranta ba, ba wanda zai yarda.”

Tsohon bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, “Minti nawa?” Yarinyar ta ce, “Ɗaya.” Ya sa dogon awartaki ya zare ƙugiya. Abokinsa ya soka wata 'yar alama ta roba mai lamba a gindin fiffiken baya, ya ɗauki hoto ɗaya. Suka juya kanta wajen teku, suka riƙe ta ruwa na shiga bakinta, har suka ji ta motsa da ƙarfi. Suka sake ta. Ta kaɗa wutsiya sau biyu, ta ɓace. Duka bai cika minti 3 ba.

Yaron ya yi fushi, ya ƙi magana har dare. Da suka zauna bakin wuta, sai tsohon ya tambaye shi shekarunsa. Ya ce 13. Tsohon ya ce, “To, wadda ka ja yau ta girme ka. Irinta ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 20. Ba ta yin ƙwai, 'ya'ya take haifa rayayyu, bayan ta ɗauki ciki kamar shekara guda. Ba su cika wuce 20 ba. In ka cire haƙoranta, kwana nawa abokanka za su yi suna kallo?”

Yaron ya ce, “Watakila mako guda.”

Tsohon ya ce, “Shekara 20 ke nan za ka sayar a kan mako guda. Ni na yi shekaru ina ganin abin da jirage ke saukewa. Na san teku yana da iyaka.”

Maganar tsohon nan gaskiya ce, masana kuma sun tabbatar da ita. Tarwaɗa takan girma cikin shekara guda, ta zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya, don haka ko an kama da yawa takan mai da gurbi da wuri. Shak ba haka yake ba. A shekarar 2013 waɗansu masana suka ƙiyasta cewa mutane na kashe shak wajen miliyan 100 kowace shekara, waɗansu don nama, waɗansu don fiffike da ake miya da shi a ƙasashen Asiya, waɗansu kuwa tarun manyan jirage ne ke haɗawa da su. A 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shak mai launin tagulla cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A 2021 kuma aka bayyana cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na dukan ire-iren shak da danginsu suna cikin wannan haɗari. Mutanen da shak ke kashewa a duniya duka kuwa, a yawancin shekaru ba su wuce goma ba. Ashe shi ya fi cancanta ya ji tsoron mutum. In kuwa ya ƙare, teku zai lalace, gama shi ke cinye raunana da marasa lafiya cikin kifaye, yana hana wani iri ya yi yawa har ya cinye abincin saura.

Ita 'yar alamar nan ta roba tana da amfani babba. Mai fatsa yakan rubuta lambarta, da ranar, da wurin, da tsawon kifin, ya aika wa masu binciken teku. In wani ya sake kama kifin, ko bayan shekaru, sai a san nisan da ya yi da girman da ya ƙara. A Afirka ta Kudu wata cibiyar binciken teku da ke birnin Durban ta fara irin wannan aiki tare da masu fatsa tun 1984. A Namibiya ma an yi, har aka gane shak mai launin tagulla yakan yi tafiya tsakanin ruwan Namibiya da na kudancin Angola. Kifin da aka kashe, labarinsa ya ƙare ran nan. Wanda aka sake da alama kuwa yana iya ƙara wa mutane sani shekaru masu yawa.

Duk da haka akwai masu cewa ko sakin ma bai wanke mai fatsa ba, tun da ya wahalar da dabba don jin daɗinsa. Maganarsu abin dubawa ce. Shak ba shi da haƙarƙari, in aka ja shi tudu nauyin jikinsa yakan danne kayan cikinsa. In aka daɗe ana jansa, ko aka tsaya ɗaukar hotuna, yana iya tafiya kamar lafiya, ya je can ya mutu. Akwai ma irin da ba ya jure kamu ko kaɗan, kamar mai kai irin na guduma. Saboda haka ne masu hankali cikin masu fatsa ke amfani da igiya mai ƙarfi don jan ya gajarta, suna barin kifin cikin ruwa, suna duban agogo. Wanda ba zai iya kiyaye waɗannan ba, gara ya bar shak ya sha ruwansa.

Yaron ya koma makaranta da hoto ɗaya da lamba rubuce a bayan littafinsa. Waɗansu suka yarda, waɗansu suka ce ƙarya ce, har ya ji zafi. Amma da hutu ya zagayo, aka kawo wani ƙaramin ɗan'uwansu bakin teku, shi ne ya kama hannunsa ya kai shi bisa tudun rairayi, ya ce ya zauna ya dubi ruwa.

Ba kowane yaro ne zai ga teku ba, balle ya ja shak. Amma abin da tsohon nan ya koyar yana da amfani a bakin kowane tafki da kowane gulbi. A san ruwa kafin a shige shi, a tafi tare da babba, a fara da ƙaramar ƙugiya. A ɗauki abin da za a ci, a mai da ƙanana da masu ƙwai, domin baɗi ma akwai masu zuwa su.

Tambayoyi

1. Me ya sa tekun Namibiya ke cike da kifi, alhali ƙasar hamada ce?
2. Faɗi abu uku da shak ya bambanta da tarwaɗa.
3. Waɗanne dokoki biyu tsohon ya kafa wa jikokinsa tun da fari?
4. Don me yarinyar ta jiƙa hannunta kafin ta ɗauki kifin?
5. Mene ne amfanin alamar roba da ake sa wa shak?